Faifan Muryar Rufus

Ƙarfe tara na safiyar Litinin Madam Tamar ta kai ƙara caji ofis na Kafanchan: an fasa ofishin marigayi mijinta Rufus, an cire faifan kwamfuta.

"Shekara shida yana ɗaukar muryar tsofaffinmu da yarenmu," ta gaya wa Insfekta Yafet. "Nashi muryan ma yana ciki. Ba ni da wani."

Insfekta ya duba ofishin. An ɓalle kwaɗo, amma ba a taɓa firinta ba. Kusoshi huɗu da aka kwance daga kwamfutar na jere cikin murfin kwalba. Ɓarawon ya san aikin.

Mutum biyu ke kula da na'urar. Ya fara da Ja'afaru, abokin aikin marigayin.

"Babbar manhajar Linux ce a kai, yallabai. Rufus ya haɗa wata ƙaramar manhaja da hannunsa, ita ke adana muryoyin. Tun da ya rasu babu mai gyara ta. Na ce kada a sabunta komai sai mun kwafe. Asher ya ce na mai da kwamfuta kabari."

Asher ƙanen Rufus ne. Idonsa ja.

"Oga, tun Juma'a ban shigo ba. Ku tambayi mai gadin kabarin." Ya nuna Ja'afaru da baki.

"Wane ne ya san lambar sirri?"

"Mu biyu."

Insfekta ya ɗauki wani littafi da ke ɗaure da igiya a ƙafar tebur.

"Dokar Rufus ce," in ji Ja'afaru. "Kafin ka saka manhaja ko ka cire, sai ka rubuta, ka sa hannu."

An yage shafin ƙarshe. Insfekta ya goga fensir a shafin da ke ƙasa, a hankali. Rubutu ya fito fari: Lahadi, 2:15. Sabuntawa. Cire ta Yaya. Asher.

Asher ya zauna a ƙasa.

"Yaya ne ya koya min. Hannuna ya rubuta kafin in yi tunani."

"Ina faifan?"

"A jakata. Na'urar ta ƙi sabuntawa sai an cire manhajar Yaya. Ta yi gargaɗi sau biyu, na tilasta mata. Ashe ya haɗa ta yadda in ta tafi, sai ta share ma'ajiyarta. Na sake girka komai a kai, ko muryoyin za su dawo. Na ƙara binne su."

"Sai ka ɓalle kwaɗo, ka nuna Ja'afaru."

"Na kasa kallon Anti."

Tamar na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Asher, ko gaisuwa ɗaya bai rage ba?"

Ya girgiza kai.

Kofur ɗin da ya rako Insfekta ya fito da ankwa, Insfekta ya ce ya mayar. Suka wuce da shi ta gabanta zuwa mota. Ta matsa gefe ta ba su hanya, har ta kai hannu za ta gyara masa kwalar riga, sai ta fasa.