Farautar Gida Biyu

Can a wani zamani, a wani ƙauye na bakin daji, an yi wani mafarauci mai jan kare. Ana gobe za a fita farauta, sai karen nan ya ciji karen maƙwabcinsa, Baba Jatau, a ƙafa. Ba wanda ya gani sai mafaraucin.

Zuciyarsa ta ce, "Wuce abinka." Ya tsaya. Ta sake cewa, "Wuce abinka." Sai ya sunkuya ya ɗauki karen, ya wanke ciwon da ruwan gishiri, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya kai shi gida.

Ya ce, "Baba, karena ne ya yi ɓarnar nan. Ka yi haƙuri."

Tsohon ya ce, "Ɗana, da shi nake cin nama. Bana kam shi ke nan."

Ya ce, "Daga yau karena gida biyu zai yi wa farauta."

Haka aka yi. In ya kama zomo biyu, ɗaya na Baba. In ɗaya ne, a raba.

Da karen Baba ya warke, ranar da ya fara kamu, sai ga tsohon da cinyar zomo.

Mafarauci ya ce, "Baba, ta mece ce?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Karɓi. Nawa ma gida biyu yake yi wa farauta."