Farin da ke Idon Rukaiya

Radiya tana shayar da jaririyarta Rukaiya a tsakar gidansu na Belbeji, sai surukarta Inna Kaltuma ta tsaya a kansu tana duban fuskar yarinyar. Wani fari ne a tsakiyar ƙwayar idanun, duka biyun.

"Abdulgafar, zo ka gani," ta kira ɗanta. "Kakan matarka da makanta ya rasu. Ciwon gidansu ta kawo mana. Ka sallame ta tun ba ta cika maka gida da makafi ba."

Radiya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanen goyo.

"Ki gafarce ni, Inna," in ji Abdulgafar a hankali. "Ina son matata, ba zan rabu da ita kan abin da ba mu sani ba. A bari likita ya duba."

Kwana huɗu Inna ba ta amsa gaisuwarsu ba. Amma ranar da za su asibitin Damagaram ta bi su, don ta ji da kunnenta.

Likitar ido ta haska idanun jaririyar, ta ce, "Yanar ido ce, da ita aka haife ta. Wani lokaci gado ne daga uwa ko uba, wani lokaci cuta ce ke kama mai ƙaramin ciki. Madam, kin yi zazzaɓi da ƙuraje a farkon cikin?"

Inna ce ta riga Radiya amsawa. "Ta yi. Jikokina na garin Tarka suka kwanta da ciwon, ni na tura ta jinyarsu. Da ƙurajen ta dawo, ko ƙorafi ba ta yi ba."

Gwajin jini ya nuna rubeyol ce, wata cuta mai kama da ƙyanda. "Ba laifin kowa ba ne," in ji likitar. "Rigakafi kafin ciki ke tare ta. Kun zo da wuri, za mu cire yanar, mu duba kunne da zuciya."

Bayan aikin aka sa wa Rukaiya ɗan tabarau mai kauri. Ranar da ta fara bin fuskar uwarta da ido, Inna ta riƙe hannun Radiya tana kuka.

"Ki yafe mini, 'yata."

"Na yafe tun tuni, Inna."

Haƙurin Radiya da tsayuwar mijinta suka riƙe gidan. Wanda ya ɗora wa mutum laifin ciwo kafin ya san sanadinsa, zalunci ya yi, ko da so ne ya sa shi.