Maɓallin Matar Bayan Coci

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Litinin wayar Sufeto Abdulmajid Gwaram ta yi ƙara, yana fama da wani darasi da ya ƙi shiga kansa tun jiya. Ɗan sandan Najeriya ne, shekara goma sha shida yana aiki kafin a ba shi hutu ya zo Kuala Lumpur yin digiri na biyu. A nan ba shi da kaki, ba shi da ikon kama ko da kaza. Amma duk ranar da 'yan sandan unguwar Cheras suka riƙe Bahaushe, shi Sufeto Rosli yake nema ya yi tafinta.

"Ka zo Kwalejin Seri Kenanga yanzu," in ji Rosli da Turanci. "An ɗauke kayan tarihi. Muna riƙe da 'yar ƙasarku."

A zauren baje koli ya tarar da Rosli tare da wata dattijuwar Baturiya, Dakta Helen, idonta ya yi ja. Daga Wenmere ta zo, wani ƙauye a Ingila da ko kasuwa babu. A can ne garmar wani manomi ta tono tsohuwar maƙabarta a bayan coci, aka samu fasassun tukwane da duwatsun wuya da kabarin wata mata. Dattawan cocin suka ba da aron kayan a nuna su a nan, gobe Talata za a buɗe.

"Me ya ɓace?" Abdulmajid ya tambaye ta.

"Maɓallin tagulla, wanda matar take soke mayafinta da shi a kafaɗa. Ya kai shekara dubu da ɗari huɗu. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, kore ne shar saboda tsatsa."

Ya duba akwatin gilashin. Ba a fasa shi ba, ba a ɓalle shi ba, a kulle ma aka same shi. Mukulli biyu ne, ɗaya a wuyan Dakta Helen, ɗaya a hannun Hussaina Abdussalam, ɗalibar digiri na uku da ke taimaka mata. Kyamara a bakin ƙofar kwaleji kawai take, kuma masu gadi sun rantse sun caje kowace jaka jiya Lahadi, ranar da ɗalibai suka zo jera kujeru.

Rosli ya ja shi gefe. "Ƙarfe huɗu zan kai ta kotu a ba ni izinin tsare ta. Da sunanta ya shiga takarda, kwaleji za ta sanar da hukumar shige da fice da masu biya mata karatu. Ka san sauran, lah."

Ya san sauran. Biza ta tafi, tallafi ya tafi, shekara huɗun karatu ta bi ruwa, ko da daga baya kotu ta wanke ta.

Hussaina tana zaune a ofishin masu gadi, ta dunƙule hannuwa a cikin hijabi. Ya ja kujera ya zauna.

"Mukullin ya taɓa barin hannunki jiya?"

"A'a, Yallaɓai. Ko sau ɗaya."

"Da shi kika yi alwala?"

Ta kawar da kai.

"Malama Hussaina, ni ba na nan ƙasar ba ne, ba zan iya fitar da ke ba. Abin da zan iya shi ne in gane ƙarya, kuma kin yi mini ɗaya yanzu. Saura awa biyar."

Sai hawaye. Ta ce da azahar ta bar jakarta a kan tebur ta tafi surau, ɗan masallacin kwalejin, ta daɗe don ta tsaya cin abinci. Da ta dawo mukulli na nan, akwatin kuma tun safe an lulluɓe shi da ƙyalle, ba ta ɗaga ba. Tsoro ya hana ta faɗa, kada a ce ta yi sakaci.

"Wallahi ni ce ta ƙarshe da za ta taɓa shi," ta ce. "Thesis ɗina duka a kansa yake. A bayan maɓallin akwai zaren rigar matar, tsatsa ta riƙe shi bai ruɓe ba. Shi kaɗai ya rage na saƙarsu a duk yankin. Jibi aka ba ni lab in duba shi, sati uku kawai zai yi a ƙasar nan."

Ya fito ya fara zagaye, irin zagayen da ke sa mutane su ɗauka banɗaki yake nema. A bayan zauren akwai ɗan kicin inda ake dafa shayin baƙi. Ya leƙa kwandon shara, ya ga ɓawon lemon tsami guda shida, an matse su tas. Ya shafa bakin magudanar ruwa, yatsansa ya fito da wani gari mai tsakuwa-tsakuwa, toka-toka da ratsin kore.

Ya shinshina. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da tasoshin tagulla ya san wannan haɗin. Da lemon tsami da toka mahaifiyarsa take dirje su ana gobe sallah, har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Ba Bamale ɗan ƙasar nan ba ne ya yi wannan aikin, ba kuma mai ilimin kayan tarihi ba.

To, amma ina ake samun toka a garin da kowa da gas yake girki?

Ƙarfe ɗaya saura ya tsallaka titi zuwa rumfar mamak, masu sayar da shayi da abinci. Mai gasa tsiren da suke kira satay, a gefen rumfar, ya yi dariya tun kafin a gama tambayar.

"Toka? Boleh, ƙwarai, na tuna. Jiya wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Ɗan ƙasarku ne, dogo, da hula mai aiki. Ya sayi lemo a ciki, ya ce in ɗebar masa toka a leda. Na ce ta me? Ya ce magani."

"Ka san shi?"

"Kowa ya san shi. 'Yan ƙasarku ne ke ce masa Presido."

Muttaka Indabo shi ne shugaban ɗaliban Najeriya na kwalejin, mutum mai son a ga komai tsaf, musamman in akwai manyan baƙi da masu ɗaukar hoto. Abdulmajid ya same shi a zauren yana ba da umarni a kan inda za a rataya tuta. Rosli ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Oga Sufeto, sannu da ƙoƙari," in ji Muttaka. "This thing is very embarrassing, wallahi. Yarinya mai hankali haka."

"Ina kake jiya da azahar, Presido?"

"Ina can unguwar Wangsa Maju. Tun sha biyu na tafi meeting."

"A jirgin ƙasa?"

"LRT, eh."

"To katinka zai nuna. Miƙo shi a duba."

Muttaka ya sa hannu a aljihu, ya tsaya. "Actually, mota na hau."

"Ba laifi. Maganin ya yi aiki?"

"Wane magani?"

"Na toka da lemo. Mai satay yana gaishe ka."

Fuskar Muttaka ta canza, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce agogonsa ya wanke. Abdulmajid ya kalli agogon, na roba ne baƙi. Ya kalli hannun da ke ɗaure da shi. Fatar yatsun ta yi fari-fari ta saɓule, gefen farcen babban yatsa kuma kore ne.

Saura maɓallin da kansa. Tun da bai fita ta ƙofa ba, yana cikin ginin, kuma in an dirje shi ba kore za a nema ba. Abdulmajid ya juya ga Dakta Helen.

"Akwai wani abu mai ƙyalli a cikin kayanki?"

Ta nuna wani faranti a ƙarshen zaure. Kwaikwayon maɓallin ne sababbi da aka ƙera a Ingila, don yara su taɓa su ga yadda yake a zamaninsa. Guda huɗu ta kawo.

Biyar ne a farantin.

Ta ɗauki na biyar da hannu biyu. Ya fi sauran ƙyalli, amma zanen fuskarsa ya shafe, allurarsa ta karye. Ta juya bayansa, ta daɗe tana kallo, sannan ta nemi kujera ta zauna.

Muttaka ya jingina da bango. Muryar shugabanci ta tafi.

"Ba sata na yi ba, Sufeto. Na rantse. Mu muka gayyato manyan mutane, a ce abin da aka sa a tsakiya wani ƙazamin ƙarfe ne kamar an tsinto a bola? Na yi wa Hussaina magana tun Juma'a, ta ce kada a taɓa. Na ce a raina, ai mata ne, ba su san protocol ba. Na ɗauki mukullin, na ce minti goma in gyara in mayar, kowa ya ji daɗi. Ina cikin dirza allurar ta ɓalle. Da na ga yadda ya koma, na san in na mayar za a gane."

"Shi ya sa ka sa a cikin na yara."

"Na rasa inda zan kai shi."

"Wannan na ji," in ji Abdulmajid, ransa a ɓace. "Da safe fa? Kana tsaye aka tafi da ita. Ka san abin da kotu za ta ja mata."

Muttaka ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka za su sake ta, tun da ba za su samu komai a wurinta ba."

Abdulmajid ya fassara wa Rosli kalma bayan kalma, bai rage ba, bai ƙara ba. Rosli ya ciro ankwa. Aka fita da Muttaka ta tsakiyar kujerun da ya jera da kansa, ɗalibai suna matsawa suna ba da hanya.

Ƙarfe uku da minti goma Rosli ya yaga takardar kotu. Abdulmajid ya tafi ofishin masu gadi da kansa.

"Tashi, Malama Hussaina. An wanke ki. Bizarki na nan, karatunki na nan."

Ta rufe fuska ta yi hamdala. Sai ta ɗago da sauri.

"An same shi?"

"An same shi."

"Lafiya ƙalau?"

Ya gaya mata wanda ya ɗauka, da lemon, da tokar. Tana ji tana miƙewa a hankali, ta dafa tebur.

"Gabansa kawai ya goge, ko? Yallaɓai, bai taɓa bayan ba?"

Shekara goma sha shida Abdulmajid yana kai wa mutane mugun labari har ƙofar gida, bai taɓa jin nauyin baki irin na yau ba.

"Ya goge har bayan," ya ce. "Babu ko zare ɗaya."