Tazarar Yatsu Biyu

Ranar Talata da hantsi wata budurwa ta tsayar da mota a ƙofar shagon taya. Tsohuwar motar tsere ce ja, mai kujera biyu, ta girme ta da shekara ashirin. Mahaifinta, tsohon shugaban makaranta da bai saba a yi masa gyara ba, ya kwashe shekara shida yana farfaɗo da ita: sabon inji, sabon fenti, ya kuma rage mata tsayi. Saura ƙafafu.

Ta miƙa wa mai shagon takarda: wili, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, inci sha takwas, taya mai faɗin milimita 245. Mai shagon, wani saurayi, bai ɗago ya dube ta ba. Ya durƙusa, ya cusa yatsu biyu tsakanin taya da madigadi, ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba. Sha biyar ne daidai da ita, faɗi 205.

"Babana ne ya rubuta."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Sha biyar ne dai."

Ta tafi a fusace. Ta dawo ranar Alhamis ta faɗa masa ba shi da ladabi, ta sake dawowa ranar Asabar ta ƙarasa abin da ta manta. Kafin wata uku yana kiran ta Sha Takwas, tana kiran sa Sarkin Gardama.

Ranar da ya je neman izinin aurenta a gidansu, a gareji Baba ya karɓe shi. Ya tarar an riga shi. Ɗan wani dillalin motoci, wanda shi ma yake son ta, ya kawo kyautar wili huɗu masu ƙyalli, inci sha takwas, har an ɗaura. Ɗan dillalin ya auna da tef, ya ce ga fili nan kamar filin ƙwallo. Baba ya nemi ra'ayin mai taya, don dai a yaba.

Mai taya ya zagaya motar, ya ce, "Baba, don Allah nawa ne nauyinku?"

Baba ya nuna masa ƙofa. Da yamma ya sanar da iyalinsa cewa shekara talatin yana tarbiyyar 'ya'yan mutane, ba zai ba da tasa ga wanda zai ɗora shi a sikeli kamar buhu ba.

Ta aika masa saƙo: "A gaban baƙo ka tambayi babana nauyinsa? Kishi ne ya hana ka yarda da wilin nan, ka faɗi gaskiya."

Ya amsa: "Kishi kam ina yi, Sha Takwas, ban musa ba. Amma ba kishina ne zai zauna a kujerar direba ba. Mota tana sauka in an shiga. Wancan ya auna ta ba kowa a ciki."

Kwana tara tana fushi da shi. A kantin maganin da take aiki, wata mata ta yi mata tsawa don ta tambayi nauyinta kafin ta faɗi adadin ƙwaya. Ta yi wa matar bayani a natse, ta tsaya a tsakiyar magana da ta tuna tambayar mai taya, sannan ta ji haushin kanta.

Washegari ta goga farin alli a gefen tayoyin baya, yadda ta sha ganin mai taya yana yi, ta roƙi Baba ya zagaya da ita unguwa. A kwanar farko ƙarfe ya yi kuka. Suka fito. Alli ya zana layi a cikin madigadi, jan fentin ya ɗaye a bakinsa, taya kuma ta yanku kamar an ja mata wuƙa.

Baba ya daɗe yana shafa wurin. Ya yi faɗa da ɗan dillali a waya, ya yi faɗa da kwalta, ya yi faɗa da masu ƙera wili. Da abokan faɗa suka ƙare, ya ce ta kira masa yaron nan mara kunya.

Ya zo da wili sha biyar da buhunan yashi, don ya ɗora a kujera ba sai ya sake tambaya ba.

"Ajiye yashinka," in ji Baba. "Kilo ɗari da huɗu. In na ji a bakin wani, na san inda ya fito."

Aka ɗaura sha biyar ɗin, Baba ya shiga ya zauna. Motar ta sauka. Yatsu biyu suka shige lafiya.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baba ya miƙa wa ango makulli, ya jira su biyun suka zauna, ya durƙusa da babbar riga ya cusa yatsunsa da kansa. Ya miƙe, ya tambayi ango nauyinsa.

"Saba'in da biyu, Baba."

"To ka tsaya a nan, kada ka ƙara ƙiba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Motar aro ce, ita 'yar ce na ba ka."

Suka amsa da amin, suka ɗauki kwanar farko. Ba a ji ƙarar komai ba.