Bugu Huɗu a Kan Gangaren Skelder

Ƙarfe uku da rabi na yammacin wata Asabar, Desmond Holroyd ya fito da Lamba Arba'in da Bakwai daga garejin ƙungiya. Watan Nuwamba ne, rana har ta fara haramar faɗuwa, kamar yadda ta saba a Yorkshire idan sanyi ya shigo. Aiken ba mai wuya ba ne: mil goma sha ɗaya, a haye tudun Skelder, a gangara, a ajiye motar a sabuwar rumfar da aka ce an samo mata.

Arba'in da Bakwai bas ce ja mai bene, mai shan dizal, ta girmi 'ya'yan Desmond duka. Shekara ashirin da shida yana tuƙa ta, matarsa Enid tana kwandasta. Irin motocin nan ne da direba ke zama shi kaɗai a ɗan akurkinsa gefen inji, ƙofar fasinja kuwa tana can baya a buɗe, ba ya ganin mai hawa balle mai sauka. Ƙararrawa ce idonsa. Bugu ɗaya, tsaya. Biyu, tafi. Uku, mota ta cika. Huɗu kuwa, taka birki nan take ko me kake ciki. Enid takan ce a gida yana yi mata gardama har a kan sukarin shayi, amma a mota bai taɓa musa mata ba, shi ya sa auren ya yi ƙarko.

Da kamfani ya yi watsi da motar, su biyun suka saye ta, suka ƙarar da hutunsu na shekara da shekaru wajen kankare tsatsa. Da ciwon ajali ya kama Enid, sai suka miƙa ta ga ƙungiyar masu adana tsofaffin basoci, wasu dattawa goma sha biyu da suka fi sanin ranar haihuwar inji a kan ta jikokinsu. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada a yanka ta. Clifford Barraclough, shugaban ƙungiyar, abokin Desmond tun suna 'yan firamare, shi ya riƙe hannunta a gadon asibiti ya ɗauki alkawarin.

To amma ƙungiyar tana da wata bas irinta, Lamba Tara, 'yar lelen Clifford da yake kaiwa baje koli, kuma kayan gyaranta an daina ƙera su tun tuni. Kowa a wannan harka ya san yadda ake yi, a kashe ɗaya a raya ɗaya. Desmond ya ji ƙishin-ƙishin, ya tare Clifford a bakin gareji ya tambaye shi kai tsaye.

"Haba Des, ni da kai?" in ji Clifford, har da dafa masa kafaɗa. "Rumfa ce mai rufi, ba ta yoyo. Koriyar ƙofa a ƙasan gangare. Kai ta kawai, zan biyo ka in dawo da kai."

Ya ƙara da cewa shi da kansa ya shiga ƙarƙashinta da safe ya duba komai, kada Desmond ya wahalar da gwiwoyin nan nasa da suka fi ƙofar gareji ƙara. Suka yi dariya. Shekara arba'in Desmond bai taɓa ɗaga mota bai leƙa ƙarƙashinta ba, sai ranar. Abokinsa ya ce ya duba, shi ke nan.

Ya bar gari, gidaje suka ƙare, katangun dutse suka fara. Yayyafi ake yi. Injin yana gurnaninsa na tsofaffi, warin dizal da na tsohuwar fatar kujeru ya cika akurkin, ɗumi yana dukan ƙafarsa ta hagu. Ya ji daɗi, ba ƙarya. Tsohuwar hanyarsu ce, ta ma'aikatan masaƙa, wadda aka soke shekara talatin da suka wuce.

Daidai inda masaƙar take a da, yanzu sai ciyawa da tumaki, ƙararrawa ta buga sau ɗaya.

Kafin kansa ya yi tunani ƙafarsa ta riga ta taka birki. Motar ta tsaya. Sai a lokacin ya tuna shi kaɗai ne a cikinta.

Ya ce wa kansa waya ce ta saki, tsohuwar mota ba ta rasa irin wannan. Yana cikin faɗa wa kansa haka, bayan motar ya ɗan nutsa. Ya san wannan nutsewar. Mutum ne ya hau. Ta sake nutsawa, ta sake. Takalma masu nauyi suka bi matakalar bene, ɗaya bayan ɗaya, ba mai gaggawa.

Ya dubi madubi. Ba kowa a titi, sai jan hasken fitilar baya a kan ruwa.

Bugu biyu.

Ba kowane hannu ke buga biyu haka ba, na farko a gajarce, na biyu da ɗan nauyi. Hannu ɗaya ya sani mai yin haka, kuma shi ya rufe wa mai hannun ido shekara huɗu da suka wuce. Ya sa giya ya tafi, don bai san abin da zai yi ba in ba haka ba.

A bakin tsohuwar majami'a aka sake tsayar da shi. Aka tsayar da shi a gadar dutse, aka tsayar da shi a mararrabar da ko alama babu yanzu. Ko'ina sai motar ta ƙara nauyi. Warin jiƙaƙƙun kwat-kwat ya shigo masa, da maiƙon ulu, da hayaƙin taba yana saukowa daga bene. Wani ya yi tari, irin tarin masu masaƙa. Can kuma sai ƙaras-ƙaras ɗin na'urar yanka tikiti, tana matsowa kujera bayan kujera.

Akwai ɗan gilashi a bayan kan direba, mai kallon cikin mota. Desmond bai waiwaya ba. Yana dai jin gilashin ya yi gumi, kamar yadda yake yi idan mutane da yawa suna numfashi a ciki.

Bugu uku. Ta cika.

Injin ya hau tudun da ƙyar, yana nishi a giya ta biyu. Duhu ya gama rufewa, ko ƙarfe biyar ba ta yi ba. Can ƙasa, nesa, ya hango fitilun ƙauye, ya ji duk duniya ba abin da yake so irin ya ga fuskar mai rai.

A kan tudun, inda hanya ta fara sunkuyawa, ƙararrawa ta buga huɗu.

Ya ji ta sarai. Tsayawa a nan, cikin duhu, da abin da ke bayansa? Tsoro ya fi ƙarfinsa. Ya taka totur.

Ta sake buga huɗu, da sauri.

Bai tsaya ba.

Motar ta miƙa kai cikin gangaren. A kwanar farko ya taka birki, sai ya ji wani abu ya fashe a ƙarƙashinsa, iska ta fita fuuu. Ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Ya sake takawa. Babu komai.

Katanga tana gudu a gefensa. Injin yana kururuwa. A cikin motar kuwa tsit, ko tarin nan an daina.

Ya cafki birkin hannu da hannu biyu ya ja, tsufa ya ci amanarsa, sandar ta ƙi zuwa. Sai wani hannu ya sauka a kan nasa, ƙarami, mai sanyi kamar ƙarfen famfo da asuba. Suka ja tare. Ƙauri ya tashi.

"Hagu," aka raɗa masa a kunne.

Ya murɗa hagu, cikin ramin tsakuwar da aka tanada don motocin da birkinsu ya tsinke. Tsakuwa ta haɗiye tayoyin, ƙirjinsa ya daki sitiyari, injin ya mutu. Taku goma a gabansa katanga ce, bayanta kuma kwari.

Yana zaune yana jin su suna sauka. Takalma a matakala, ɗaya bayan ɗaya, motar tana ɗagowa kaɗan-kaɗan har ta koma wayam. Sai numfashi ɗaya da ya rage a jikin gilashin bayansa.

"Huɗu na buga maka, Desmond."

Enid ba ta kiransa da cikakken sunansa sai ranta ya ɓaci. Ya waiwaya a lokacin, ba kowa.

Wani ƙato ne ya fara isowa da tocila, ya ce ƙarar ce ta fito da shi daga koriyar ƙofar nan. Ya haska lambar motar, ya ce ai ita suke jira, ranar Litinin za su cire inji su yanka sauran. Ashe rumfar da ba ta yoyo filin 'yan gwangwan ce. Desmond ya karɓi tocilar, ya durƙusa a kan gwiwoyin da aka ce ya tausaya musu, ya leƙa. Sababbin tiyon birkin da ya ɗaura da hannunsa a bazara babu su. An mayar da wasu tsofaffi, duk sun tsattsage.

Yana nan a durƙushe motar Clifford ta tsaya. Clifford ya fito, ya dubi tsakuwar, ya dubi katangar, fuskarsa ta yi fari fat. Desmond ya miƙa masa fasasshen tiyon.

"Mil goma sha ɗaya ne kawai, Des," in ji Clifford a hankali. "Na ɗauka za su kai."

Shekara sittin na abota, abin da ya samu ya faɗa ke nan. Desmond ya bi ƙaton nan ya nemi waya, ya kira mai jan mota. Bai sake yi wa Clifford magana ba, ko a jana'izar abokai idan sun haɗu.

Kunya ta sa 'yan ƙungiya suka mayar masa da motarsa. Tana cikin ƙaton rumbun ajiyar tarakta na wani manomi yanzu, da sababbin tiyo, ba mai yanka ta. Kowace Asabar Desmond yakan je da shayinsa a gora, ya shiga ƙarƙashinta ya duba komai, ya buɗe ƙofar rumbun, ya hau ya tayar da inji. Sai ya ɗora hannu a kan giya ya jira bugu biyu. Manomin ya sha ce masa ya fita da ita mana ko zagayen gona ya yi, shi kuwa yakan ce direba ba ya tashi sai an ba shi izini. Abin da Clifford ya yi masa yana ci masa rai har gobe, amma ba shi ke hana shi barci ba. Enid ta kira shi sau biyu a kan tudun nan, ya ji, ya taka totur.

Shekara uku ke nan, ba ta buga ba tukuna.