Inuwa Biyu a Zanen Baba

Nayra ta fara ganin Fermín ne a shagonsa na gyaran zane a garin Oruro, ranar da ta kai masa zanen mahaifinta da hayaƙi ya dusashe. A cikin zanen fili ne fetal, ga dutse mai ƙanƙara can nesa, ba mutum ba dabba.

"Wanda ya zana wannan ya san kewa," in ji shi.

"Babana ne. Bara ya rasu."

Ya cire hularsa don girmama mamacin. Tun daga nan ya kwanta mata a rai.

Sai da suka yi wata huɗu suna soyayya kafin mahaifiyarta, Doña Eulogia, ta ji labari.

"Wani mai fentin kuma? Na auri ɗaya, ya isa! Tuna zanen da ya bar mana: duniya guda, babu mu a ciki."

Nayra ta sha kuka, sannan ta tura masa saƙo: "Fermín, Mama ta ƙi, ni kuwa ba zan bar ta ita kaɗai ba. Ka yafe mini."

Ya amsa: "Tauraruwata, ko ba aure, zanen na Mama ne. Ran Lahadi zan kawo."

Da ya zo, ko kujera tsohuwar ba ta ba shi ba.

"Doña, ina rana take a zanen nan?" in ji Fermín.

"Ta faɗa bayan dutse mana. Makauniya ka ɗauke ni?"

"To, dubi ƙasa. Da na wanke hayaƙin, sai ga ja-ja a jikin ƙananan duwatsun nan. Daga bayan mai zanen hasken yake fitowa. Ga inuwarsa, ga wata kusa da ita, mai hula."

Doña Eulogia ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Hasken ƙofar ɗakin girkinmu ne na ƙauye, wannan kuwa hulata ce," ta ce. "Nan nake tsayawa ina masa faɗa yana ta zane, miya na hucewa. Bai taɓa gaya mini ba."

Nayra ta rungume ta, suka yi ta kuka.

Can tsohuwar ta share ido. "Kai mai fenti, ka ci abinci?"

"Na ci, Doña."

"Ƙarya kake. Zauna."

Bayan wata uku aka ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauyensu. Doña Eulogia ta haɗa hannuwansu ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Kai kuma ɗana, in kana sonta, ka faɗa da bakinka tun tana ji."