Shuɗi a Cikin Faso

Shanu dubu biyu ne a gonar, amma da Sufeto ya sauka daga mota bai ji kukan ko ɗaya ba. Injin tatsa kaɗai ke numfashi, kamar tsoho mai asma.

"Yallaɓai, gawar tana can baya," in ji Saje.

Likitan dabbobi ne, kwance rub da ciki a garken marasa lafiya, an fasa masa ƙeya da shebur. Wata jar saniya mai tari tana lasar hularsa. A bakin ƙofar akwai kwamin siminti cike da ruwan magani, shuɗi kamar bula. Sauran ƙofofin gonar duk suna da kwami, amma ruwansu fari ne.

"Na mene ne?" Sufeto ya tambayi Manajan gonar.

"Tsoma ƙafa, ranka ya daɗe, don kada a yi yawo da cuta. Shuɗin nan yau da safe marigayi ya haɗa shi, ya ce kada kowa ya shiga."

"Me ke damun shanun?"

"Mura ce kawai."

Saje ya miƙo takardar da ya ciro daga aljihun gawar. Tarin fuka. Shanu arba'in za a kashe, a daina zuba nononsu a tanki.

Sufeto ya dubi Manaja. "Murarku har da takardar kisa? Yaran wa ke shan wannan nonon?"

Manaja ya hau gumi. Sai dai tun safe yana ɗakin sanyaya nono da direbobi shida, kuma duk sun shaida.

Aka tara ma'aikata, aka duba takalman roba ɗaya bayan ɗaya. Babu shuɗi.

Can gefe wani dattijo na zaune kan buhun dusa, sanye da silifa. Shi ne babban makiyayi, shekara talatin a gonar.

"Baba, ka leƙa garken can yau?"

"Ni? Ɗan nan, an hana. Ni na fara kafa dokar ƙofa a gidan nan, yaya zan karya?"

"Ina takalminka?"

"Roba cin ƙafa take yi. Haka nake."

Sufeto ya tsuguna kamar mai gaisuwa. Ƙafar ta sha wanki, tas da ita. Amma dunduniyar tsoho faso gare ta, kamar ƙasar da ta shekara ba ruwa, kuma a cikin kowace tsaga akwai siririn zare shuɗi.

"Baba, sabulu bai kai nan ba."

Dattijon ya daɗe yana duban ƙafarsa, kamar ta wani ce.

"Wallahi ban san na tsoma ba. Ƙafar ce ta saba." Ya nuna garken da haɓa. "Jar nan, uwarta ta mutu a hannuna, da kwalba na raine ta. Na ce Likita, bar min ita kaɗai. Ko waiwayowa bai yi ba."

"Gobe za a kashe su duk da haka."

"Na sani."

Saje ya sa masa ankwa. Jar saniyar ta yi tari sau biyu. A babbar ƙofa dattijon ya ja ya tsaya, ya tsoma dama, ya tsoma hagu, sannan ya shiga mota.